"In Yana Ƙaunarmu Zai Zo": Me Manɗiƙi Ya Ce?

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Akwai wata shawara a gaban wannan taro wadda za a yanke bayan an ci abinci, watau a soke sunan duk ɗan ƙungiyar da ya shekara uku bai halarci taro ba, bai kuma aiko da ko sisi ba. Na karanta takardar da kwamiti ya raba, na kuma saurari muhawarar da aka yi ta yi a ƙofar zaure tun da safe. Duk hujjojin da na ji sun taru ne a kan jimla guda: in yana ƙaunarmu zai zo. Wannan jimla nake so mu shimfiɗa a tabarma mu duba, domin falsafa ta daɗe tana fama da irinta, kuma sunayen mutane da dama sun rataya a kanta yau.

Kalmar "in" ko "idan" ƙarama ce, amma tana da fanni guda na ilimi da ke tsaronta, wanda malaman zaure ke kira manɗiƙi, watau ilimin auna hujja. Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne da boko ya kawo mana. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya yi rubutu a kan manɗiƙi, ya kuma kare shi a lokacin da Shehu Suyuɗi na Masar ke ganin bai kamata a karanta shi ba. Littafin nan Sullam na Ahalari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, ya daɗe yana yawo a zaurukan ƙasar Hausa, kuma a cikinsa akwai bayanin irin wannan jimla mai sharaɗi. To, ku ga ashe a gida muke.

Jimla mai "in" gida biyu gare ta, sharaɗi da sakamako. In an yi ruwan sama, gona za ta jiƙe. Ruwan sama shi ne sharaɗi, jiƙewar gona ita ce sakamako. Daga nan mutum yana iya bin hanya huɗu, biyu masu ɓullewa, biyu masu kai shi rami. An yi ruwa, saboda haka gona ta jiƙe: wannan daidai ne. Gona ba ta jiƙe ba, saboda haka ba a yi ruwa ba: shi ma daidai ne. Amma wanda ya ce gona ta jiƙe, saboda haka an yi ruwa, to bai taɓa zuwa fadamun Kudan da rani ba, inda injin ban ruwa ke kuka tun asuba, ƙasa sharkaf, sama kuwa ko ɗigo babu. Haka nan wanda ya ce ba a yi ruwa ba, saboda haka gona a bushe take, injin nan dai shi zai ƙaryata shi.

Yanzu mu ɗora jimlarmu a kan wannan ma'auni. Ramin farko duk mun san shi: wane ya zo, saboda haka yana ƙaunarmu. Ai ba sai na daɗe a nan ba. Duk shekarar da zaɓe ya ƙarato wannan zaure yakan cika da manyan motoci da manyan riguna, in zaɓe ya wuce kujeru su koma fayau. Zuwa yana da injuna da yawa da ke kawo shi, ƙauna ɗaya ce kawai daga cikinsu.

Amma hujjar kwamiti ba wannan ba ce, kuma dole in yi musu adalci. Cewa suka yi: in yana ƙaunarmu zai zo, bai zo ba, saboda haka ba ya ƙaunarmu. Jama'a, wannan hujja ginin ta ba shi da tsaga ko ɗaya. Ita ce hanya ta biyu daga cikin masu ɓullewa, irin ta gonar da ba ta jiƙe ba. Kowane malamin manɗiƙi, daga Zariya har Landan, zai sa mata hannu. Abin da ke sa ta zama mai haɗari ke nan, domin mutum yana jin ƙarfinta a ransa, sai ya ɗauka ƙarfin gaskiya ne. Alhali manɗiƙi alkawari ɗaya kawai ya yi: in abin da ka zuba a ciki gaskiya ne, abin da zai fito gaskiya ne. Injin matse rake ne. Abin da ka tura masa shi zai matse maka. Saboda haka tambayar ba a kan ginin hujjar take ba, a kan jimlar farko take. Shin gaskiya ne duk mai ƙauna yana zuwa? Kuma me ma ake nufi in an ce jimla mai "in" gaskiya ce?

Wannan tambaya ta biyu ta fi shekara dubu biyu ana ja-in-ja a kanta. A ƙasar Girka, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai suna Filo ya ce abin mai sauƙi ne: jimlar ba ta zama ƙarya sai a hali ɗaya, watau sharaɗi ya tabbata sakamako ya ƙi tabbata. Malaminsa Diyodoras bai yarda ba, ya ce bai isa a ce yau ba ta ƙaryatu ba, sai in babu wani lokaci da za ta iya ƙaryatuwa. Ra'ayin Filo shi Frege ya ɗauka a Jamus a 1879, Russell da Whitehead suka bi shi a Ingila daga 1910, kuma shi ne ke aiki a cikin kowace kwamfuta da wayar da ke aljihunku. A lissafi yana da kyau ƙwarai. A zaman mutane kuwa yana haifar da abin dariya, domin bisa ƙa'idarsa, "in rake yana da zaƙi to jaki yana da kunne biyu" gaskiya ce tsantsa, tunda duka biyun haka suke, ko da yake babu igiyar da ta ɗaure ɗaya da ɗaya.

A ganina malaman Musulunci sun fi kama bakin zaren a nan. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, da waɗanda suka biyo shi, sun raba jimlar gida biyu: wadda sakamako ke lazimtar sharaɗi saboda wata alaƙa ta dole, kamar fitowar rana da wayewar gari, da wadda abubuwan biyu suka yi kiciɓis kawai, dace ya haɗa su. To, ƙauna da zuwa taro, wane iri ne? Lazimi ne, ko dace? Hanyar gwaji ɗaya ce: a nemo mutum guda mai ƙauna wanda bai zo ba. In aka same shi, ko shi kaɗai ne, lazimci ya rushe.

Ba sai mun je nesa ba, mu shiga cikin gidajenmu. Uwa Bahaushiya ta dauri ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, wata ma in an yi maganarsa sai ta kawar da kai kamar ba ta ji ba. Da yawa daga cikin 'yan farin da ke zaune a nan a hannun kaka ko gwaggo suka tashi. Ka kawo baƙo daga wata ƙasa da jimlarsa a aljihu, "in tana ƙaunarsa za ta nuna", ya zauna ya lura da ita wata guda, ya ga ba ta nuna ba, ya yanke hukunci da hujja mai kyawun gini cewa ba ta ƙaunarsa. Manɗiƙinsa daidai, hukuncinsa kuwa ƙarya ce mai sa a yi masa dariya daga Paki har Likoro. Abin da bai sani ba shi ne kunya, wadda ta shiga tsakanin zuciya da fuska ta tsinke igiyar. Ku juya abin kuma: kaka tana ce wa jikanta mummuna, malalaci, mijin da bai iya cefane ba, taubasai suna yi wa juna tsiya a gaban jama'a. In baƙon nan ya zo da "in ta zage shi tana ƙinsa", nan ma ya faɗi. Mu da muka tashi cikin al'adar da ta ƙware wajen ɓoye ƙauna, mu ne bai kamata a ce mun ɗauki bayyanarta a matsayin dole ba.

Akwai kuma wani bambanci tsakanin gona da zuciya da ya kamata a lura da shi. Maganar ruwan sama kowa yana iya fita ya duba sharaɗin da idonsa. Maganar ƙauna kuwa, sharaɗin a rufe yake cikin ƙirjin mutum ɗaya. Mu sakamako kaɗai muke gani, daga gare shi muke laluben hanya zuwa baya. Shi ya sa duk wanda ya ƙirƙiro jimlar shi ke da alƙalami. Yau na ce in yana ƙaunarmu zai zo. Gobe wani ya ce in yana ƙaunarmu zai ba da dubu hamsin. Jibi wani ya ce in yana ƙaunarmu zai samar wa ɗana aiki. Kowannensu zai sami hujja mai kyawun gini, kuma wanda ake tuhuma ba shi da shaidar da zai kira sai kansa.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ku tafi da shi gida, har cikin iyalanku, domin ba ƙungiya kaɗai ya shafa ba. Ba kowace jimla mai "in" ce ke ba da labari ba. Wani masanin falsafa na Ingila, J. L. Austin, ya nuna haka a 1956. Misalinsa da Hausa shi ne: in kana jin yunwa akwai tuwo a kwano. Tuwon nan yana nan ko kana jin yunwa ko ka ƙoshi. "In" ɗin ba sharaɗin samuwar tuwo ba ne, sharaɗin amfanin maganar ne. Haka muke cewa, in ba za ka ji haushi ba, rigarka ta yage a baya. Rigar ta yage ko ka ji haushi ko ba ka ji ba. Siffa ɗaya, aiki daban.

To, ku saurari waɗannan. Uba ya ce wa ɗansa, in ka bar makaranta raina zai ɓaci. Mata ta ce wa mijinta, in kana ƙaunata za ka sayo mini kaza. Saurayi ya ce wa yarinya, in kin yarda da ni ba za ki tambaye ni ba. Ta farko tana iya zama hasashe, watau uban yana faɗin abin da yake jin zai same shi. Tana kuma iya zama gargaɗi, watau ya riga ya yi niyyar ɓata ran. Ta biyu ba labari ba ce sam, roƙo ne ya sa rigar manɗiƙi. Ta uku kuwa tarko ce, domin an gina ta yadda tambayar kanta za ta zama laifi. Wanda aka jefa wa irin wannan yakan ruɗe ya shiga rantse-rantse cewa yana ƙauna, ya manta cewa yana da ikon ya ce: ƙaunar tana nan, jimlarka ce ban karɓa ba. Malaman harshe biyu, Geis da Zwicky, sun ƙara nuna wani abu a 1971, cewa kunnen mutum yakan ji "in" ya mayar da shi "sai in". Ka ce wa yaro, in ka zo na ɗaya zan yi alfahari da kai. Abin da ka faɗa ke nan, amma abin da ya ji shi ne, in bai zo na ɗaya ba babu alfahari. Manɗiƙi ya wanke ka, domin ba ka faɗi haka ba. Yaron dai ya riga ya ji, kuma a aji mai yara sittin mutum ɗaya ne ke zuwa na ɗaya. Malamanmu da ke zaune a gaba sun fi ni sanin yawan yaran da ke ɓoye katin sakamako a cikin jaka har hutu ya ƙare.

Ko hasashen ma, wanda mutum ke yi a kan zuciyarsa da kyakkyawar niyya, ba abin dogaro ba ne sosai. Daniel Gilbert da Timothy Wilson da abokan aikinsu a Amurka sun buga bincike a 1998, inda suka tambayi ƙananan malaman jami'a yadda za su ji in an hana su tabbatarwa a aiki. Sun yi zaton baƙin cikin zai daɗe ƙwarai, amma da aka duba waɗanda abin ya riga ya faru a kansu, sai aka ga sun warware fiye da yadda ake zato. In mutum bai iya karanta zuciyarsa ta baɗi ba, ina ga kwamiti da ke karanta ta wani daga rajistar taro?

Saura nau'i ɗaya, kuma a nan Hausa ta yi wa Turanci fintinkau, domin ta ware masa kalma tasa. "In" ta abin da ke iya faruwa ce. Abin da ya riga ya wuce bai faru ba kuwa, "da" muke sa masa, gaba da baya: da na sani da ban yi ba. Larabci ma ya raba su haka. Filo ba shi da abin cewa a nan, domin bisa ƙa'idarsa duk jimlar da sharaɗinta bai faru ba gaskiya ce, ko me aka jingina mata. Sai a 1968 Robert Stalnaker, sa'an nan David Lewis a 1973, suka kawo wata hanya: ka ƙaddara duniyar da ta fi kusa da tamu, wadda komai nata irin namu ne sai wannan abu ɗaya da ya canza, ka duba me zai faru a can.

Kalmar "kusa" ita ce ke da ciwo. A 1995 wasu masu bincike, Medvec da Madey da Gilovich, sun sa mutane su auna fuskokin 'yan wasan Olamfik na Basalona na 1992. Sai aka ga waɗanda suka zo na uku sun fi waɗanda suka zo na biyu fara'a. Na biyu duniyar da ta fi kusa da shi ita ce wadda ya ci zinariya. Na uku kuwa tasa ita ce wadda ya koma gida hannu rabbana. Mun ga irin wannan a ƙofar gida. A 2016, da tsutsar nan ta afka wa tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan nomansa, manoman Ikara da Makarfi da Kudan sun ɗanɗana kuɗarsu. Amma ku tuna wa ya fi shiga damuwa. Ba wanda kullum tumatir yake yi ba. Shi ya ce annoba ce, ya jira baɗi. Wanda ya fi kwana ba barci shi ne wanda a shekarar ce ya bar rake ko albasa ya koma tumatir, domin ɗayar duniyar tana nan dab da shi, kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Asara iri ɗaya, zafi daban, kuma "da" ce ta raba su. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Abin da ba su ƙara ba shi ne, ƙeyar wani ta fi ta wani nauyi.

Me ya haɗa wannan da shawarar da ke gabanmu? Ku ɗauki takardar kwamiti ku bi sunayen da ido. Ba zan kira ko ɗaya ba. Kaɗan ne a ciki waɗanda duniya ta buɗe wa har suka fi ƙarfin zama da mu. Da yawa mutane ne da muka san suna cikin na gaba-gaba a aji, waɗanda muka kwafi lissafi daga littafinsu, sa'an nan mutuwar uba, ko rashin kuɗin jarrabawa, ko ciwo, ko rufe masaƙun Kaduna ya tsayar da su a hanya. Ga irin wannan mutum, zauren nan ba wurin cin shinkafa da tuna baya ba ne. Shi ne duniyar nan ta kusa, an jera masa ita a kan kujeru: ga likita da ya fi shi ƙoƙari a aji uku, ga darakta da shi ya koya masa haɗa jimla. Wanda bai damu da mu ba ba ya jin wannan zafi ko kaɗan, yana iya shigowa ya gaisa ya fita. Wanda ya damu shi ne ƙafarsa ke yin nauyi a bakin ƙofa. Na taɓa haɗuwa da ɗaya daga cikinsu a Tashar Yari yana jiran motar Kano. Cikin minti goma ya tambaye ni labarin mutum ya fi ashirin, kowa da sunansa da laƙabinsa na makaranta, har da wanda ya rasu bai ji ba, ya tsaya ya yi masa addu'a. Da na ce masa ya zo taro, sai ya dubi takalminsa ya ce, in Allah ya yarda. Mutum guda muke nema don lazimci ya rushe, ga shi nan.

Na san ma'aji zai ce ƙungiya ba ta tafiya da falsafa, da kuɗi take tafiya, kuma rufin ɗakin gwaje-gwajen da muka yi alkawarin gyarawa ba zai jira ba. Gaskiya ne, ban kuma ce kowa da ke cikin takardar nan waliyyi ba ne. Akwai waɗanda lalle sun manta da mu. In taro yana so ya kafa doka cewa wanda bai biya ba ba zai yi zaɓe ba, ba zai riƙe muƙami ba, wannan jimla ce mai "in" wadda kowa ke iya duba sharaɗinta a littafin ma'aji, zan kuma ɗaga hannu in goyi bayanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a soke sunan mutum a kan dalilin cewa ba ya ƙaunarmu, domin wannan hukunci ne a kan abin da ba mu gani ba, da jimlar da mu muka ƙera ta.

Saboda haka, malam shugaba, ina roƙon a yi wa shawarar gyara kamar haka. A jingine maganar soke suna har taron baɗi. A raba sunayen bisa garuruwa, kowane suna a ba mutum biyu 'yan ajinsa su je har gida, ba da takardar neman kuɗi ba, da gaisuwa kawai. Kada a ce masa in kana ƙaunarmu ka zo. A ce masa ana cigiyarka. Wanda kuɗin mota ne matsalarsa, a faɗa wa ma'aji a asirce ba tare da an karanta a taro ba. Waɗanda ke Ikara da Paki akwai masu zuwa can kowane mako a cikinmu, na Makarfi da Gimi da Gubuchi ma haka. Na Hunkuyi da Likoro a rubuta sunana a kansu, ina neman mutum ɗaya da zai raka ni.